Kawu zai sayar da fadamar gado ya biya kujerar Makka, wai Hajji zai wanke komai

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malaman da ke cikin nan, fatawa nake nema, kuma don Allah kada a tambaye ni suna. Kakanmu na wajen uwa ya rasu sama da shekara goma. Ya bar matarsa ɗaya, Iya, tana nan da ranta, da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ciki har da mahaifiyata. Har yau ba a raba gado ba. Gonakin tudu kowa yana ɗan taɓawa, amma fadamar da ake shinkafa da damina a yi alkama da rani tana hannun babban kawunmu tun da aka share makoki. Yanzu ya samu mai saye daga Kano, yana so ya sayar ya biya kujerar Hajji. Da Inna ta yi masa magana a keɓe, sai ya ce ai wanda ya je Makka yana dawowa kamar ranar da uwarsa ta haife shi, kuma zai yi wa kowa addu'a a gaban Ka'aba. Shin haka abin yake? Hajjin zai wanke masa har da rabon ƙannensa?

Mai Riɗi:
Wa alaikumus salam. Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Dattijo ya ɗauki niyyar ɗakin Allah, ku kuma kuna bin sa da igiyar awon gona. Wa ya riƙe gidan tun bayan tsohon? Wa ya aurar da ƙannen? Ambaliyar 2022 da ruwa ya cinye shinkafar mutane tun daga Ringim har Haɗeja, wa ya nemo abin da Iya ta ci? Ban san gidanku ba, amma na san irin gidan. Babban wa shi ne uba, sai ranar da zai ɗan mori wani abu a ce masa ga ayar gado.

Ɗan Fadama:
Alhaji, ban ce bai yi ɗawainiya ba. Ya yi, Allah ya saka masa. Tambaya na yi.

Ustazun Islamiyya:
Hadisin da kawunka ya kawo ingantacce ne, babu ja a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi Hajji domin Allah, bai yi batsa ba, bai yi fasiƙanci ba, zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Amma wanda ya faɗi wannan shi ne ya ce ana gafarta wa shahidi dukkan zunubi sai bashi, kuma wannan yana cikin Muslim. Mutumin da ya ba da jininsa ke nan, ba kuɗin jirgi ba. An taɓa kawo gawa domin Annabi ya sallace ta, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce e, ya ce ku sallaci mutuminku. Sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya yi masa salla. To rabon gado da aka danne ya fi bashi nauyi, don shi bashi da yardar mai shi aka karɓa.

Mai Riɗi:
Ustaz, bashi hanji ne, yana cikin kowa. In sai wanda ba a bin sa ko sisi ne zai hau jirgi a Dutse, to jirgin fanko zai tashi.

Ustazun Islamiyya:
Bashin da mai shi ya sani, ya yarda ka tafi, ko lokacin biyansa bai yi ba kuma ka bar abin da za a biya da shi, wannan bai hana tafiya. Maganarmu a kan ƙasar mutane ce da ba a tambaye su ba.

Malamin Zaure:
Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini, shi yake rubuta abin da nake faɗa, a yi haƙuri da jinkiri.

Mas'alar gida biyu ce, kada a cakuɗa. Na farko, shin Hajjin ya inganta? A mazhabarmu ta Imamu Malik ya inganta. Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar da gajeren lafazi, wa sahha bil harami wa asa, wato Hajji da dukiyar haram ya yi, amma mai shi ya saɓa wa Allah. Farilla ta sauka daga wuyansa, ba za a ce ya sake ba. A wajen Imamu Ahmad ma akwai ƙaulin cewa sam bai yi ba. Na biyu, shin karɓaɓɓe ne? Wannan kuma wani kogi ne. Hajjin da aka ce ba shi da sakamako sai Aljanna shi ne mabrur, wato karɓaɓɓen da ba a cakuɗa shi da saɓo ba. Kuma Annabi ya ba da labarin mutum mai doguwar tafiya, kansa buzu-buzu, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu yana ya Rabbi, ya Rabbi, alhali cinsa haram, shansa haram, suturarsa haram, ya ce ta yaya za a amsa masa? To addu'ar da kawun yake cewa zai yi wa ƙannensa a gaban Ka'aba, da kuɗinsu zai isa wurin.

Kuma ko yaron da ya fara Risala ya wuce wurin da Ibnu Abi Zaidin ya ce yana daga cikin tuba mayar da abin da aka zalunta. Ba sabon karatu ba ne, a zaurukanmu aka biya mana shi.

Ɗalibi daga BUK:
Allah ya gafarta Malam, da izininka. Ba kowane malami ne ya tafi a kan haka ba. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya ce zahirin hadisin nan na Hajji ya haɗa da ƙananan zunubai da manya har da haƙƙoƙin bayi. Akwai kuma hadisin Abbas ɗan Mirdas a Ibnu Maja, cewa Annabi ya roƙa wa al'ummarsa gafara da yammacin Arfa aka amsa masa ban da zalunci, ya sake roƙo a Muzdalifa aka amsa masa har da shi. Kada mu ƙuntata rahamar Allah.

Ustazun Islamiyya:
Hadisin Abbas ɗan Mirdas malaman hadisi da yawa sun raunana shi, Ibnul Jauzi ma cikin na ƙarya ya saka shi. Gaskiya ne Ibnu Hajar ya kare shi, amma ba irin hadisin da za ka ɗora gonar marayu a kansa ba ne.

Ɗalibi daga BUK:
Ban ce a ɗora ba. Na ce akwai saɓani, kada a nuna kamar babu.

Malamin Zaure:
Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Saɓanin yana nan. Amma ka kula da inda yake. Waɗanda suka faɗaɗa, maganarsu a kan mutumin da ya tuba ya rasa yadda zai biya, ko mai haƙƙin ya ɓace masa, ya mutu a kan haka, sai Allah ya biya wanda aka zalunta daga taskarsa. Ko kuma a ce zunubin jinkirin da ya gabata ya faɗi. Babu malamin da ya ce in Alhaji ya sauka daga jirgi gonar ƙanwarsa ta zama tasa. Ranar da ya dawo, haƙƙin yana nan inda ya bar shi, in ya ci gaba da riƙewa sabon rubutu ya fara. Balle wanda tun kafin ya tafi ya ƙudurta cewa zai ci ne don Hajji ya wanke. Wannan dabara ce ake yi wa Allah, kuma Allah ba a yi masa dabara.

Hajiya Babba:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ku bar ni in faɗi abin da maza ba sa so a faɗa. Na san yadda za a yi. Saura kwana kaɗan a tashi, za a yi walima, a dafa shinkafa, maniyyaci ya zaga gida gida ban kwana. Zai shiga wurin ƙannensa da rakiyar mutane, ya ce to zan tafi, duk wanda na yi wa laifi ya yafe mini. Wace mace ce a garin nan za ta buɗe baki gaban surukanta ta ce Yaya ban yafe ba, ina rabona na fadama? Kuka za ta fashe da shi ta ce na yafe duniya da lahira, Allah ya dawo da kai lafiya. In ya fita ta koma ɗaki ta ci gaba da wani kukan daban. Ya dawo ya miƙa mata kallabi da dabino da ɗan zamzam a gora, shi ke nan an rufe babin.

Ni na ga wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana surfe a gidan mutane, yayanta kuma yana sayar da buhunan shinkafa daga gonar ubansu. Da aka yi masa magana cewa ya yi ai mace ba ta noma, in an ba ta mijinta ne zai ci. To ina ruwanka da wanda zai ci? Allah da ya ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke, bai san za su yi aure ba ne?

Ustazun Islamiyya:
Suratun Nisa'i aya ta 7 Hajiya ta kawo. Kuma maganarta tana da tushe a hadisi: dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Malamai sun yi bayani cewa abin da aka karɓa ta hanyar sa mutum jin kunya daidai yake da ƙwace. Yafiyar da za ta yi amfani ita ce a gaya wa mace ga adadin abin da yake naki, ga shi a hannunki, sannan in ta ga dama ta ce na ba ka.

Mai Riɗi:
Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai matan da da bakinsu suke cewa a bar gona a hannun Yaya don kada gida ya watse. Kuma kun san abin da rabo yake jawowa. Fadama ɗaya a yanka ta gida takwas, kowa ya samu abin da bai isa a kafa injin ban ruwa ba, bayan shekara biyu duk an sayar wa baƙi.

Hajiya Babba:
Alhaji, yanzu wa yake shirin sayar wa baƙon?

Direban Haɗeja:
Hajiya ta gama magana, wallahi.

Tsohon Rajistara:
Bari in sa baki ta ɓangaren da na yi aiki. Idan iyayen marigayin sun riga shi rasuwa, kuma ba bashi ba wasiyya, lissafin gidan nan mai sauƙi ne. A kasa dukiya kashi 8. Iya tana da tumuni, kashi 1, tunda akwai 'ya'ya. Saura 7. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka maza biyu kowa kashi 2, mata uku kowa kashi 1. Kawu yana da 2 cikin 8, rubu'i ke nan. A ce an sayar da fadamar miliyan 8, nasa miliyan 2 ne, sauran 6 na mahaifiyarsa ne da ƙannensa. Ku lura, har da na mahaifiyarsa.

Abu uku zan ƙara. Ba zai iya cewa ya yi hauzi ba, wato ya mallake ta saboda daɗewar riƙo, don ya shekara goma yana nomawa, shekara goman nan tsakanin bare ne, tsakanin 'yan'uwa sai an kai arba'in. Sannan in ya sayar da rabonsa kaɗai tun ba a raba ba, sauran magada suna da haƙƙin shufu'a, wato su suka fi cancanta su biya kuɗin su karɓa kafin baƙo. Na ƙarshe shi ne wanda nake so Ɗan Fadama ya kai wa mahaifiyarsa yau ɗin nan: a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke bi, wanda aka sayar da kayansa yana zaune a wurin cinikin ya yi shiru ba tare da uzuri ba, cinikin ya hau kansa. Kunya ba ta da lada a gaban alƙali. In an kira su shaida ciniki, ko su yi magana a wurin ko kada su je.

Ba sai an kai kotu ba. A zauna da liman da dagaci, a yi wa komai kuɗi, gida da tudu da fadama. Mai yiwuwa kason kawu a dukiyar gaba ɗaya ya fi abin da muke zato, a cire masa a wuri ɗaya ya sayar da abinsa. Ɗawainiyar da ya yi da amfanin da ya ci shekara da shekaru, wannan sulhu ake yi a kai, a yafi juna ido na ganin ido.

Ɗan Fadama:
Baba Rajistara na gode. Akwai abin da ban faɗa ba. Ɗaya daga cikin ƙannen Inna ta rasu bayan Kaka, ta bar yara ƙanana.

Tsohon Rajistara:
To kashinta bai mutu da ita ba. Tunda ta riski rasuwar ubanta, ta gada, yanzu kuma nata magadan za su gaje ta: mijinta rubu'i, Iya sudusi, saura na yaranta. Kuma nan ne abin ya ƙara tsanani, don babba yana iya yafe nasa, amma babu mai ikon yafe na maraya, ko ubansu.

Malamin Zaure:
Aya ta 10 a surar da Ustaz ya ambata: masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Kuma Annabi ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Sa'idu ɗan Zaidu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, wata mata ta kai ƙararsa wurin Marwan, gwamnan Madina a lokacin, cewa ya ci mata iyaka. Ya ce ni zan ci mata ƙasa bayan abin da na ji daga Annabi? Ya roƙi Allah in ƙarya take ya makantar da ita, ya kashe ta a cikin ƙasar tata, haka kuwa aka yi. Na kawo wannan don kai ma, Ɗan Fadama. Ku nemi naku, kada ku ƙara ko taƙi, kuma kada ka ɗaga wa kawunka murya. Kawu ne.

Mai Riɗi:
Na ji duk wannan. Amma ku dubi halin da ake ciki. Mutum ya tsufa. In bai tafi bana ba, baɗi kuɗin ya fi ƙarfinsa. Haka zai mutu bai sauke farali ba?

Direban Haɗeja:
Nan kam Alhaji yana da gaskiya. A 2023 kujera ba ta kai miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8, tun da darajar naira ta zube. Akwai waɗanda na sha kaiwa Maigatari ranar Alhamis su sayar da shanu don ajiyar kujera, kafin su cika kuɗin an sake ƙari. Amma akwai adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta buɗe da bankin Jaiz tun 2020, mutum ya riƙa zubawa kaɗan kaɗan duk kaka. In nasa miliyan 2 ne ya fara da su.

Wani Bawan Allah:
Ko ya nemi bizar ziyara, ta fi araha, in ya shiga sai ya laɓe har lokacin Hajji.

Mai Kula da Zaure:
A'a, ban da wannan shawarar a nan. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 zafi ya kashe, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu marasa izinin Hajji ne, ba tanti ba mota. Ba za mu tura dattijo can ba.

Malamin Zaure:
Alhaji mai riɗi, farali a kan wa? Allah ya ce Hajjin ɗakin yana kan mutane ga wanda ya samu ikon zuwa, Ali Imrana aya ta 97. Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a nan, har sun ce mai iya tafiya da ƙafa yana sana'a a hanya ya samu iko, kuma mutum ya sayar da abin da ya mallaka ya tafi. Abin da ya mallaka, ba abin da ƙanwarsa ta mallaka ba. Wanda nasa bai kai ba, Hajji bai hau kansa ba, in ya mutu a haka ba za a tambaye shi ba. Rabon gado kuwa za a tambaye shi. Ya bar abin da ake bin sa ya tafi neman abin da ba a bin sa.

Tsohon Hedimasta:
Ku ba ni dama in ɗan yi tarihi, tunda shi na koyar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har ya rasu a 1817 bai yi Hajji ba, duk da begen Madina da ya cika waƙoƙinsa. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya taɓa barin rundunar jihadi da niyyar gabas, da ya iso Kano mutane suka riƙe shi ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga nan ya juya. Akwai wanda zai ce darajarsu ta ragu don ba a kira su Alhaji ba?

Kakanninmu kuma da suka tafi a ƙasa, ta Maiduguri, su ratsa Chadi ta Abeche, su shiga Darfur, su tsaya noman auduga a Jazira su tara guzuri, sannan su kai bakin Bahar Maliya su haye zuwa Jidda, tafiyar shekaru ce, da yawa ba su dawo ba. Har yau zuriyarsu suna Sudan, ga garin Mai Wurno da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai irin wannan tafiya sallamar mutuwa yake yi. Ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya faɗi abin da yake na wane a cikin kayansa. Asalin zagayen ban kwanan da Hajiya take magana ke nan. Mu muka riƙe zagayen muka yar da biyan.

'Yar Ringim:
Malamai, ni tambayata daban ce amma kusa take. Mu da ba mu da ko fadamar da za a yi rigima a kanta, an ce azumin Arfa yana kankare zunubin shekara biyu. Gaskiya ne?

Ustazun Islamiyya:
Gaskiya ne, Muslim ya ruwaito daga Abu Ƙatada. Azumin Arfa, 9 ga Zulhajji, shekarar da ta wuce da mai zuwa. Na Ashura, 10 ga Muharram, shekarar da ta wuce. Na Arfa ga wanda yake gida ne, Alhajin da ke tsaye a filin ba a so ya yi, don Annabi a can madara ya sha mutane suna kallo. Kuma wanda ya azumci Ramadan da imani da neman lada an gafarta masa abin da ya gabata.

Direban Haɗeja:
To Ustaz, in an riga an yafe mini shekara mai zuwa, ashe ina da takardar wucewa ke nan, ko ɗan sanda ya tare ni sai in nuna.

Ustazun Islamiyya:
Direba, ka rufa mana asiri. Wani hadisin na Muslim ya sa wa abin linzami: salloli biyar, Juma'a zuwa Juma'a, Ramadan zuwa Ramadan suna kankare abin da ke tsakaninsu matuƙar an nisanci manyan zunubai. Imamu Nawawi da jamhurin malamai sun ce ƙanana ake nufi. Manya sai tuba. Na mutane kuma sai an biya ko sun yafe. Annabi ya tambayi sahabbai wane ne matsiyaci, suka ce wanda ba shi da dirhami ba shi da kaya. Ya ce matsiyacin al'ummata shi ne wanda zai zo ranar Ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wancan, a yi ta ɗiban ladansa ana ba su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Ka lura, mai azumi ne. Ladan Arfar taka yana iya ƙarewa a hannun fasinjan da ka riƙe wa canji.

Direban Haɗeja:
Innalillahi. Ustaz, kai ma ka san yaron mota ne yake karɓar kuɗi.

Ɗalibi daga BUK:
Ina tsoron kada masu karatu su fita daga nan da yanke ƙauna. Allah ya ce kada ku ɗebe tsammani daga rahamarsa, yana gafarta zunubai gaba ɗaya, Zumar aya ta 53.

Malamin Zaure:
Haka ne ɗana, kuma ayar da ke biye da ita ta ce ku koma ga Ubangijinku ku miƙa wuya gare shi. Ƙofar a buɗe take, ga kawun ma a buɗe take, kuma tasa mai sauƙi ce tunda masu haƙƙin suna raye, gonar tana nan ba a sayar ba. Wanda ya kamata a tausaya wa shi ne wanda zai farga bayan an binne su.

Mai Riɗi:
Ni dai har yanzu ina ganin in ƙannen suna da kirki su taru su ba shi ya tafi. Ladan su ma za su samu.

Hajiya Babba:
In sun ba shi bayan an damƙa musu, Allah ya ba su lada, ni ma zan kai gudummawar guzuri. Amma Iya fa? Tsohuwa tana da tumuninta da sudusin 'yarta, ita ba ta son ganin Ka'aba ne? Ban ji wanda ya ce a kai ta ba.

Ɗan Fadama:
Na karanta wa Inna duk abin da aka rubuta. Ta ce ba za ta iya tunkarar Kawu ba, amma ta yarda ƙaramin kawunmu ya je wurin liman bayan sallar Juma'a. Baba Rajistara, in an sa ranar zama za mu so ka zo.

Tsohon Rajistara:
Zan zo in Allah ya kai mu, amma ban da ranar Lahadi, ina kasuwar Gujungu. A tabbata matan sun zo da kansu, kada a ce mazajensu sun wakilce su. A kira mahaifin marayun. A nemo takardun gonakin in akwai, in babu a kira maƙwabtan iyaka. Kuma a gaya wa mai sayen nan na Kano ya dakata, kada ya ba da ko kafin alƙalami.

'Yar Ringim:
Malam, saura ɗaya don Allah. Ana bi na ramuwar azumi tun na goyon wancan yaron, har wani Ramadan ya wuce ban rama ba. Zan iya yin na Arfa, ko shi ma zai wanke ramuwar?

Malamin Zaure:
'Yata, ba ya wankewa. Ramuwa bashin Allah ce, sai an yi ta, kamar yadda Hajji ba ya sauke sallolin da mutum ya bari. A mazhabarmu makaruhi ne ki yi nafila alhali farilla tana kanki, don haka ki fara ramuwar tun yanzu, Litinin da Alhamis ma ya isa, in ranar Arfa ta zo da saura ki azumce ta da niyyar ramuwa. Nana A'isha takan kai Sha'aban kafin ta rama nata, amma ba ta bari wani Ramadan ya shigo. Ke da kika sha saboda shayarwa, za ki rama kuma ki ciyar da mudu ɗaya a kan kowace rana. Wanda kuma ya samu dama ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi, shi ma mudu ɗaya ne a kowace rana tare da ramuwar, kuma ba ya ninkuwa don shekaru sun yi yawa.

'Yar Ringim:
Mudu na kasuwa, Malam? Kwanakin da yawa fa.

Malamin Zaure:
A'a, mudun Annabi, cikin tafi biyu na mutum matsakaici, irin wanda ake auna huɗu a zakkar kono. Ba tiya ba. Daga abin da kuka fi ci, gero ko dawa ko shinkafa, kowane mudu ga miskini ɗaya.